Inna Kume Ta Ƙi Ba da Ƙarfe

Ranar da aka kai ni gidan miji a ƙauyen Tanigoe, cikin duwatsun Iga, ban tarar da surukuwata zaune tana jiran gaisuwa ba. Tana bisa itacen kanya da ke bakin ƙofa. Mace ce da ta ba hamsin baya, ta ɗaure ƙafafun wandonta, da igiya a kafaɗa, tana tsinko kanya tana jefowa cikin kwando. Ta leƙo ta tsakanin ganye, ta dubi farar hodar da aka lafta mini a fuska, ta ce, "Ke ce Fusae? To matso da kwandon nan hagu, rabin abin da nake jefowa a ƙasa yake fashewa." Da kayan amarci a jikina na matsar da kwando. Mijina Shinkichi ya sunkuyar da kai, 'yan rakiyata suka rasa inda za su sa idonsu. Haka na fara sanin Inna Kume.

Ita ma ba haifaffiyar gidan ba ce. 'Yar mai ƙona gawayi ce daga can saman dutse, aka aurar da ita ga Genzo, mutum mai sanyin hali da ciwon ƙirji, wanda ko tsani ya hau sai kansa ya juya. Uban Genzo, tsoho Sahei, yana da wani akwati a saman rufi da ba mai taɓawa. Kakanninsa suna cikin mutanen Iga da sarakunan yaƙi ke haya a da, su haura ganuwa, su kwanta ƙarƙashin daɓen katako suna sauraren shawarar abokan gaba, su cinna wa sansani wuta su ɓace. Mu shinobi muke ce musu. Kalmar ninja ba mu ji ta ba sai da sinima ta kawo mana ita. A zamanin Sahei ba sauran sarki ba sauran ganuwa, akwatin kawai ya rage.

Wata rana guga ya tsinke ya faɗa rijiya. Kume, tana amarya, ta hau saman rufi neman abin da za ta ciro shi, ta buɗe akwatin ba tare da ta tambayi kowa ba, ta ɗauko wata ƙugiya mai baki uku da igiyarta. Tsohon ya fito ya same ta tana wurgawa. Kowa ya zaci duka ne zai biyo baya. Shi kuwa ya tsaya yana kallo, ya ce, "Daga gwiwar hannu ake sakinta, ba daga kafaɗa ba. Sake in gani." Daga ranar ya shiga koya mata, ɗaya bayan ɗaya, har ya mutu. Akwai kunai, wani ɗan dagi mai faɗin baki da zobe a gindi. Akwai lauje da aka ɗaura wa sarƙa da dunƙulen ƙarfe. Akwai faratan da ake sa wa a tafin hannu don hawa, da tsinkayen jifa, da wasu masu siffar tauraro, da wata jaka cike da ƙayar ƙarfe irin tsidau, wadda duk yadda ka jefa ta sai tsini ɗaya ya dubi sama. A ƙasan akwatin kuma ga gajeren takobi a naɗe cikin tsumma.

Genzo bai daɗe ba ya rasu, ya bar ta da yaro. Da ƙugiyar nan da faratan nan ta raine shi. Ita ke hawa jinka ta yi baibaya, ita ke sassabe rassan itatuwan sugi, ita ake kira in wani abu ya faɗa rijiya ko rina ta yi gida a rumbu. Maza suna yi mata dariya a bayan ido, suna cewa biri ya auri gidan Sahei, amma in damina ta matso jinka na yoyo, su ne ke tsaye a ƙofarmu da hula a hannu.

Ina goyon 'yarmu Michi aka kawo wa Shinkichi jar takarda ta kiran soja. Inna ta raka shi tasha, ta ɗaga 'yar tuta kamar kowa, ba ta yi kuka ba. Da muka dawo ta ɗauki gatari ta faskara icen da ya ishe mu har ƙarshen sanyi.

Bayan haka aka fara tara ƙarfe don yaƙi. Da farko aka sauke ƙararrawar haikali, aka ɗaura mata jan ƙyalle kamar mai tafiya soja, aka tafi da ita a keken shanu. Sannan aka shiga gida gida. Inna ta ba da babbar tukunyarmu, ta ba da kaskon wuta na ƙarfe, ta ba da butar shayin uwar mijinta. Muka koma girki a tukunyar ƙasa. Na zaci mun gama.

Sai mai unguwa Heisaku ya tuna da akwatin. Sa'an Inna ne, tare suka tsufa a ƙauyen, kuma tun da aka ba shi shugabancin unguwa ya ɗaura ɗamara a hannu ya daina dariya. Ya zo da hantsi tare da ɗan sanda Murase, wani dogon mutum mai tari. Inna na zaune a bakin baranda tana jera yankakkun dankali a rana.

Heisaku ya ce, "Kume, mun zo kan kayan tsoho Sahei. Ƙasa na bukatar ƙarfe."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai na ba ƙasa tukunya. Ta ƙoshi ne har tana neman ƙari?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma ban ga abin wasa ba. Ranar da na sauko da kai daga kan rumbunka, tsani ya zame kana ihu kana kiran uwarka, da me na hau? Da waɗannan ƙarafan. Lokacin ba ka ce ƙasa na bukata ba."

Ɗan sanda ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kunnuwan Heisaku suka yi ja. Murase ya ce, "Iya, doka ta ce kayan aiki da ake amfani da su a bar wa mai su. Abin da ke ajiye ba ya aiki, shi ake karɓa. Ƙugiya da faratai mun san kina aiki da su. Sauran fa?"

"Duk ina aiki da su, Yallaɓai."

Heisaku ya ce, "Ƙarya ne! Wane aiki ake yi da tauraron jifa a gona?"

Ta ce, "Kai da ba ka iya gona ba ina za ka sani?"

Murase ya miƙe, ya ce zai dawo ba sanarwa, duk abin da ya tarar a kwance zai tafi da shi. Suna fita na ce, "Inna, me ya sa kika faɗi haka? Ai rabin kayan nan ban taɓa ganin kin fito da su ba." Ta ce, "Yau za ki gani. Ɗauko mini akwatin."

Kafin rana ta faɗi ba abin da ya rage a ciki sai takobi. Taurarin ta zura su a igiya ta ratsa gonar shinkafa da su, iska na kaɗa su suna ƙyalli suna ƙara, tsuntsaye na gudu. Tsinkayen jifa ta huda gindin biyu suka zama basilla ta ɗinkin buhun ciyawa, sauran ta jera a murhu na gasa kifi. Kunai ta miƙo mini ta ce daga yau da shi zan riƙa haƙar dankali da liƙe tsagar bango. Lauje mai sarƙa ta rataya a kugu, da shi take wurgawa ta karyo busassun rassa. Ƙayar ƙarfe kuwa ta barbaza ta a bayan gonar dankali, ta inda aladen daji ke saukowa daga dutse. Takobin ta ɗora a gaban allunan kakanni a ɗakin tsakiya, ta kunna masa turare, ta ce wannan ba ƙarfe ba ne, tsoho Sahei ne, wanda ke son ɗaukarsa sai ya fara gaishe shi.

Da abin ya tsaya nan, da ƙila an yi dariya an manta. Amma Heisaku bai yarda ba. Ya so ya kama ta da hannunsa. Wata safiya ya zagayo ta bayan gona, ta hanyar da ba mai bi, don ya leƙa ko da gaske kayan na aiki. Muna ɗaure wake muka ji ihu. Muka ruga muka same shi zaune cikin dankali yana riƙe da ƙafa, ƙaya ta huda takalmin ciyawarsa ta shige tafin ƙafa.

Inna ta durƙusa ta fizge ƙayar, ta matse jinin, ta aike ni in kawo ruwan zafi da ganye. Tana ɗaure masa ƙafa tana cewa, "Ka ga dai tana aiki. Don alade na zuba, ban san akwai mai ƙafa biyu ba. Gidanmu yana da ƙofa, Heisaku, ko ka manta?" Ni na goya shi rabin hanya, ita ta ƙarasa da shi gida. Mutanen ƙauye duk suka fito suna kallon mai unguwa a bayan tsohuwa. Wannan ne bai yafe ba.

A taron unguwa na gaba aka yanke cewa gidanmu ya fita daga jama'a. Ba mai gaishe mu, ba mai shigo mana gayya, ba mai ara mana sa ko garma. In gobara ta tashi ko aka yi mutuwa, za a zo, iyakarta ke nan. Rabon gishiri da mai ya koma sai kowa ya ɗiba a miƙo mana abin da ya rage. Aka rubuta wata mummunar kalma a bangonmu da gawayi, mai nufin maci amanar ƙasa. Inna ta karanta, ta ce wanda ya rubuta bai iya rubutu ba, ta bar ta a nan har ruwa ya wanke.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne zuwan Tome. Maƙwabciyarmu ce, ƙawar Inna tun tana amarya, tare suke jiƙa wake su yi awara a ƙarshen shekara. An kawo mata farin akwatin ɗanta da ya mutu a fagen yaƙi can kudu, akwatin da ba komai a ciki sai ɗan guntun itace mai sunansa. Bayan an gama zaman makoki ta zo ta tsaya a bakin shingenmu, ba ta shigo ba.

Ta ce, "Kume, an ce harsashi ya ƙare musu. Da duwatsu suka yi ta jifa. Ke kuma kin rataye ƙarfe a gona kina korar tsuntsaye."

Inna ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Tome, da na san wannan ƙarfen zai kai hannun ɗanki, da ni zan kai masa da ƙafata."

"To ki ba da shi don naki. Shinkichi yana can."

"Na ba su Shinkichi. Ban ce komai ba. Na ba su tukunya. Gobe in na ba da wannan, jibi me za su tambaya? Ba su da ranar cewa ya isa. Sai wani ya faɗa musu."

Tome ta tofar da yawu a gindin shinge ta juya. Inna ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ran nan ba ta ci abinci ba.

Ba a jima ba aka zo daga cikin gari aka tafi da ita. Ba Murase ba ne, wasu 'yan sandan ciki ne masu baƙar kwat. Ta yi kwanaki a hannunsu. Ni da Michi muka zauna a gida ba mai leƙo mu. Da ta dawo, da ƙafa ta dawo, kumatunta a kumbure, haƙori ɗaya babu. Na dafa mata kunun shinkafa, na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, don girman kakanni ki ba su. Tsofaffin ƙarafa ne. Za su kashe ki a kan abin da bai cika kwando ba."

Ta sha kunu a hankali ta gefen baki. Ta ce, "'Yar nan, kin san abin da suka yi ta tambaya ta? Ba ƙarfen ba. Cewa suke in ce na yi kuskure. Ƙarfen ko tunawa da shi ba su yi ba." Ta ajiye kwano. "Tun da aka haife ni ake ɗauka ta a ajiye inda ake so. Ubana ya sauko da ni daga dutse kamar buhun gawayi. A gidan nan ba wanda ya taɓa ce mini me kika iya sai tsohon nan. Ya sa mini abu a hannu ya ce naki ne. To nawa ne. In ke kin gaji, ki ɗauki yarinya ki tafi gidanku, ba zan riƙe ki a rai ba."

Na ce, "Wa zai riƙe miki kwando in na tafi?" Ta yi dariya har ta dafe kumatu.

Dashen shinkafar wannan shekara mu biyu muka yi shi. A gonakin da ke kewaye da mu mata na jere suna dashe suna waƙa, su gama ta wannan su koma ta wancan, su tsallake tamu. Ruwa ma sai kowa ya sha ya ƙoshi ake buɗe mana. Michi na ɗaure a bayana, matsattsaku na manne a ƙafafunmu, Inna na gaba tana rera waƙar dashe ita kaɗai da babbar murya, tana ba da amshi da kanta. Mun makara ƙwarai, girbin bai yi kyau ba. Da sanyi ya shigo muka ci ganyen dankali, muka ci saiwoyi, muka shiga tafki muka tsinci 'ya'yan wata ciyawar ruwa masu ƙaho muka dafa. Inna ta ɗaga ɗaya ta ce in shinobi ba shi da ƙayar ƙarfe, wannan yake busarwa ya watsa a bayansa, in yunwa ta kama shi kuma ya fasa ya ci. Ta ce mu mun fi su dabara, mun fara da cin.

Murase ya zo sau da yawa kamar yadda ya ce. Kullum sai ya tarar da kifi ko naman kaza a tsinke, taurari na lilo a gona, ni da kunai a hannu. Ya duba, ya yi tari, ya tafi. Sau ɗaya ya bar ɗan ƙullin gishiri a kan dutsen bakin ƙofa.

Sai yaƙi ya ƙare. Aka tara mu a filin makaranta muka saurari rediyo mai ƙara, rabin mutane ba su gane abin da aka ce ba sai da malamin makaranta ya fashe da kuka. Ba a daɗe ba labari ya zo cewa a bayan wata tashar jirgin ƙasa, can ƙasan kwari, akwai tulin ƙarfe kamar tudu. Kayan ƙauyukanmu ne na tarin ƙarshe, ba a sami jirgin da zai kwashe su ba, suna nan cikin ruwa da rana. Mata suka ɗunguma neman tukwanensu. Inna ta rataya ƙugiya ta ce in zo mu je.

Tulin ya yi tsatsa, ya cakuɗe da wayoyi da tsofaffin ƙofofi, in ka taka sai ya zame. Mata na tsaye suna nuna tukwane a sama ba mai iya hawa. Inna ta matsa gindin tulin. Ta wurga ƙugiya, ta jawo tukunya, ta ajiye a ƙasa, ta sake wurgawa. Mai tukunya ta zo ta ɗauka kanta a sunkuye. Har rana ta yi tsaka tana yi. Tamu ba mu gan ta ba. Ta Tome ta fito, an huda gindinta da gangan yadda ake yi wa duk abin da aka karɓa. Tome ta rungume ta a ƙirji tana kallon hudar. Ta ɗago ta dubi Inna, na zaci za ta yi magana, sai ta wuce. Ba su ƙara yin awara tare ba har suka mutu, amma daga wannan shekara in sun haɗu a hanya sukan sunkuyar wa juna kai.

Da kaka Heisaku ya sake zuwa, wannan karon ba ɗamara a hannu, yana ɗingishi kaɗan, Murase na biye. Amurkawa da suka ci ƙasarmu da yaƙi sun ba da umarni a tattara duk wani makami, wanda aka samu da takobi a gida zai gamu da kotun soja.

Inna ta ce, "Bara waccan tarkace ne marasa amfani, bana sun zama makamai. Heisaku, su ne ke canjawa ko kai?"

Ya ce, "Kume, na roƙe ki. Waɗannan mutanen ba namu ba ne, ba sa jin wasa. In suka zo ƙauyen duka zai shafa." Muryarsa ba ta mai unguwa ba ce a ranar, ta tsoho ce mai tsoro.

Murase ya ce, "Iya, sauran zan ce kayan gona ne, ai na gani da idona. Takobin ne ba yadda zan yi da shi."

Inna ta miƙe. Sannan ta shiga ɗaki, ta durƙusa gaban allunan kakanni, ta yi wata magana da ba mu ji ba, ta fito da takobin a hammata. Heisaku ya miƙa hannu biyu. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta nufi maƙera a ƙarshen ƙauye, mu duka muna bin ta. Ta ce wa maƙeri ya hura wuta. Maƙerin ya dubi ɗan sanda, ɗan sanda ya dubi sama. Da ƙarfen ya yi ja ta ɗora shi a uwar maƙera, ta karɓi guduma daga hannun maƙeri, ta sare shi gida biyu da kanta. Ta sa aka lanƙwasa bakin guntun gindi ya zama adda, na tsini kuma aka fitar da wuƙar yanka kayan miya.

Ta juyo tana zufa ta ce, "Yallaɓai, akwai takobi a nan?"

Murase ya ce, "Ban ga ko ɗaya ba."

"To ku gaishe da Amurkawa."

A hanyar gida hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma rage sauri ba. Da yamma da wuƙar ta yanka mana kabewa.

Shinkichi bai dawo da sauran ba. Shekaru muka yi ba labari, sai ga shi wata bazara daga sansanin fursunoni na ƙasar ƙanƙara, ya rame, yatsun ƙafarsa uku babu, ba ya son magana. Inna ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ka daɗe. Jinkar rumbu na yoyo." Ta shiga bayan gida, na ji ta tana kuka cikin tawul don kar ya ji. Da ya ji labarin abin da ya faru a bayansa bai yaba ba, bai kushe ba. Ya ce kawai, "Inna, da kin sa an kashe mini mata da 'ya." Ta ce, "Da. Amma ga su nan." Wannan magana ta tsaya a tsakaninsu, ba su ƙara taɓa ta ba.

Tana ta tsufa duniya ta juyo kan shinobi. Yara na yawo da ƙyalle a fuska suna jifan juna da taurarin kwali, motoci na kawo baƙi cikin gari. Wasu samari masu ɗaukar hoto suka ji labarinta suka hauro har Tanigoe da mota. Suka yi gaisuwa mai kyau, suka fito da wasu baƙaƙen kaya da mayafin rufe fuska, suka ce in Iya za ta sa ta riƙe lauje mai sarƙa a gaban gida, duk ƙasar za ta gan ta.

Ta juya kayan ta ce, "Wa ya mutu?"

Suka ce ai kayan ninja ne.

Ta ce, "To ku kai wa ninja. Ni manomiya ce, kuma kun tsaya mini a kan wake."

Ɗayansu ya ce ko za ta sayar musu da kayan a sa a gilashi mutane su gani. Shinkichi na gefe yana murza hannu, don yana son injin huɗa, ƙafarsa ba ta jure bin sa. Inna ta ce, "In na mutu ku yi ciniki da wannan, ga shi nan tsaye yana haɗiyar yawu. Yanzu ina da aiki da su." Ta ba su shayi da busasshiyar kanya, ta raka su har mota, ta ce su yi hankali da kwanar gada.

Ta haura tamanin da ciwo ya kwantar da ita, a tsakiyar sanyi. Likita ya hauro cikin ƙanƙara, ya duba ta, ya ja mu gefe ya ce a kira dangi. Aka kira. Gida ya cika, malamin haikali ya zo da carbinsa ya zauna a gefen shimfiɗa ya fara karatu a hankali. Inna ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam, wa ya aiko ka?" Ya ce ya zo gaisuwa ne. Ta ce, "Gaisuwa da karatun matattu? Tashi ka tafi, ban shirya ba. Ku kuma da kuka cika mini ɗaki, shinkafar wa kuke ci?" Dangi suka kwana biyu suka watse da kunya.

Ta tashi kuwa. Ta ga narkewar ƙanƙara, ta ga an yi dashe, ta zauna a bakin gona da sanda tana faɗa wa Michi cewa layinta ya karkace. Wata rana da hantsi, bayan an gama dashen, tana zaune a baranda ta ce in kawo mata ruwan zafi, shayin jiya ya yi sanyi ba za ta sha ba. Na shiga na hura wuta. Da na fito da butar na same ta jingine da ginshiƙi, ido a rufe, gira a haɗe kamar mai shirin yi wa wani faɗa. Na kira ta sau biyu, na duba na ga ba ta numfashi, sannan na ajiye butar na tafi gona kiran Shinkichi.